Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin kwashe shara da ma'aikatun noma: a daina binne taki a juji

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranku ya daɗe shugabannin hukumomin kwashe shara da tsaftar muhalli, da ku manyan ma'aikatun noma, barkanku da aiki, Allah ya yi riƙo da hannayenku. Da gangan na haɗa ku a takarda ɗaya, sabida abun da zan yi magana a kai ya faɗa ne daidai tsakanin ofisoshinku, in aka je wajen masu shara sai su ce ai wannan harkar noma ce, in aka je wajen masu noma su ce a'a shara ce ba ruwanmu, to shikenan magana ta rasa mai ɗaukarta.

Ina magana ne kan sharar da ke ruɓewa, wadda ke fitowa daga kamfanonin sarrafa abinci da mayanka da manyan kasuwannin kayan gwari da gonaki. Ɓawon 'ya'yan itace da tukarsu bayan an matse ruwa, ɓuntun shinkafa, tukar rake, ɓawon rogo, jini da abun cikin tumbi, kashin kaji, karan hatsi, ruwan da ke saura in an yi cuku, da sauransu. Ni sana'ata haɗa taki ce da bin manoma ina nuna musu yanda ake aiki da shi, dan haka kullum hannuna cikin abun yake. Kuma buƙatata guda ɗaya ce, duk sauran maganganun a kanta suka rataya: dan Allah ku hana a gauraya wannan sharar da sauran bola tun daga ƙofar kamfani, ku buɗe mata hanyar komawa gona.

Ku duba fa yanda abun yake tafiya. Duk motar da ta ɗauko amfani daga gona ta ɗauko harda ƙarfin ƙasar wajen, naitrojin da fosfaras da fotasiyam ɗin da shuka ta zuƙa duk suna cikin buhunan nan. An kai kamfani, kamfani ya cire abun da yake so. In shinkafa ce kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta ɓuntu ne, in lemo ake matsewa kusan rabin nauyin ɓawo ne da tuka da 'ya'ya, in cuku ne duk kilo ɗaya yana barin ruwa wajen lita 9. Duk wannan ragowar ina take zuwa? Tifa ta kwashe ta kai juji, ko a tura ta kwata ta gangara rafi, ko a cinna mata wuta. Daga nan sai ma'aikatar noma ta zauna tana lissafin kuɗin da za ta kashe wajen shigo da takin zamani, alhali hukumar shara ita ma ta gama biyan ɗan kwangila ya binne taki a bayan gari. Gwamnati ɗaya ce fa, ta biya an zubar sannan ta biya an sayo. Wallahi wannan abun yana min ciwo.

Kuma takin zamanin nan ba a hannun kowa yake ba. Yuriya da iskar gas ake yinta, fosfat kuma mafi yawan wanda duniya ke da shi a ƙarƙashin ƙasa yana Maroko ne, shi yasa da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 farashi ya yi tashin gwauron zabi, ƙananan manoma a ƙasashe da dama suka rage zubawa wasu ma suka haƙura gaba ɗaya. Duk wanda ya ce muku takin gargajiya zai maye gurbin na zamani kacokan, to yaudararku yake. Yuriya naitrojin ɗinta kashi 46 ne cikin 100, takin da muke haɗawa da ƙyar yake wuce 1 zuwa 2. Aikinsa daban ne, shi ke sa ƙasa ta riƙe ruwa ta yi laushi, ƙananan halittun cikinta su rayu, sannan in ka zuba na zamanin ya zauna shuka ta ci maimakon ruwan sama na farko ya wanke shi. Ƙasar da ta gaji ta koma rairayi, ko buhu nawa ka juye mata ba za ta biya ka ba. Shugabannin Afirka ma sun gane haka, a taron da suka yi a Nairobi a watan Mayun 2024 kan taki da lafiyar ƙasa sun yi alƙawarin ninka samar da taki sau uku nan da 2034, kuma sun faɗa ƙarara na gargajiya da na zamani duka. To ina za a samo na gargajiyar in kayan haɗa shi suna juji?

Yanzu mu koma jujin, ku masu hukumar shara nan ne naku. Bankin Duniya a rahotonsa na 2018 ya ce kashi 44 cikin 100 na sharar duniya ragowar abinci ne da ganyayyaki, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ma ya haura rabi. Kenan rabin man da tifofinku ke sha da rabin filin da kuke ta nema duk dan abun da bai kamata ya je can ba ne. In aka binne abu mai jiƙa ƙarƙashin leda da ƙasa iska ba ta shiga, ba zai zama taki ba, tsami zai yi ya dinga fitar da iskar metan, wadda cikin shekara 20 ɗumama duniyar da take yi ya ninka na iskar kabon fiye da sau 80. Ita ce ke sa ka ga juji na ci da wuta sati da sati, a kashe nan ta ɓullo can, hayaƙi ya rufe unguwa. Ga kuma baƙin ruwan nan mai wari da ke tsatsowa daga gindin tudun, ya ratsa batir da fenti da magungunan da aka zubar ya kwashi gubarsu ya nutse ƙasa, mutanen da ke kusa kuma rijiya suke sha. Sannan tudun shara in ya sha ruwa ya ruɓe ta ciki zaftarewa yake. A Payatas da ke Filifins a Yulin 2000 sama da mutum 200 ne suka mutu, a Koshe da ke Addis Ababa a Maris ɗin 2017 sama da 110, a Kiteezi da ke Kampala a Agustan 2024 sama da 30, mutane na cikin gidajensu shara ta rufto musu. Kuma kullum talakawa ne waɗanda ba su da wajen zama sai gindin juji.

An je taron sauyin yanayi na duniya a Glasgow a 2021 an yi alƙawarin rage metan da kashi 30 cikin 100 nan da 2030, an je irin wannan taron a Baku a 2024 ƙasashe sun sake sa hannu kan wata matsaya musamman kan metan ɗin da shara mai ruɓewa ke fitarwa. Sa hannu ba wuya, aikin yana wajenku ne, wajen direban tifa da mai gadin ƙofar kamfani.

Na san za ku ce raba shara abu ne mai wahala, mutane ba sa jin magana, ba za ku iya bi gida gida ba. Na yarda, na gidaje yana cin shekaru. Amma ni ba daga gidaje na ce ku fara ba. Sharar kamfani ai a rabe take fitowa tun asali, kamfanin da ke matse lemo ɓawon lemo yake fitarwa, iri ɗaya, waje ɗaya, kusan adadi ɗaya kullum, an san lokacin da zai fito an san mai shi, ba sharar da ta kai wannan sauƙin sha'ani. Wajen lodi ake ɓata ta. Tifa ɗaya ce ta zo, aka zuba ɓawon, aka ɗora ledojin kaya da fasassun kwalabe da jarkar sinadarin wanke inji a kai, sabida ɗan kwangila kowane sawu ake biyansa, ba ruwansa da me ya ɗauka.

Akwai wani kamfanin sarrafa 'ya'yan itace, ba zan kama suna ba, da suka yarda su dinga bamu tukarsu, muka yi ta murna. Mota ta juye, daga sama abun gwanin kyau, da muka sa shebur sai ga safar hannu ta roba, murafen kwalba, igiyar leda, guntayen gilashi, har wani mataccen batir da ya fashe a ciki. Muka durƙusa muna tsincewa da hannu, ɗaya daga cikin samarin da muke aiki tare gilashi ya yanke shi a tafin hannu. Abun da ya kuɓuce mana kuma, bayan takin ya nuna sai ga ƙananan guntayen leda fari da shuɗi sun barbazu cikinsa ko rariya ba ta kama su. Manomi ya ɗebo a hannu ya duba ya ce malam ai wannan bola ce ka kawo min, ya karkaɗe hannunsa ya tafi. Kuma yana da gaskiya, ledar da ta shiga gona ba ta fita. Ganga biyu a bakin inji, ɗaya ta jiƙaƙƙe ɗaya ta busasshe, da sun hana duk wannan asarar.

Shi yasa nake roƙonku ku guji tarkon nan na sayo ƙaton injin da wai zai karɓi shara a gauraye ya raba ya fitar da taki. Garuruwa da yawa sun gwada, takin da ya fito ba manomin da ya yarda ya karɓa, ƙarshe juji ya koma ana rufe shara da shi. Ku dubi birnin Indore a Indiya, a 2022 suka buɗe masana'antar da ke karɓar jiƙaƙƙiyar shara tan 550 a rana tana mayar da ita gas ɗin da motocin bas ke amfani da shi, amma kafin nan sun yi shekaru suna fama da jama'a har raba shara ya zama ɗabi'a. Sai da rabuwar ta zaunu sannan injin ya zo.

To in an raba ina za a kai? Ba duka ne za a mayar taki ba. Abun da mutum zai iya ci a bai wa mutum, Faransa tun 2016 ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai ɓaci ba, dole su bai wa ƙungiyoyin agaji. Abun da dabba za ta ci kuma, dusa da tunkuzar da ta rage bayan an matse mai da tukar 'ya'yan itace da ɓawon rogo, asara ce a mayar da shi taki kai tsaye, gara ya bi ta cikin dabba a samu nama da nono sannan kashin ya koma gona. Masu bincike na cibiyoyin binciken kiwo da noma na ILRI da IITA a Ibadan sun nuna cewa in aka goge ɓawon rogo aka matse ruwan aka shanya, cikin yini ɗaya yake bushewa maimakon kwanaki, gubar cikinsa ta ragu ya zama abincin dabba mai kyau. Sai dai a nan dole ku sa ido sosai kar a yi gudun gara a faɗa gidan zago. A 2001 cutar baki da ƙafa ta ɓarke a Birtaniya, aka bi diddigi aka gano daga wata gonar aladu ce a arewacin Ingila inda ake ba su ragowar abincin da ba a dafa ba, kafin a shawo kanta sai da aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6. Cutar haukan shanu ma daga ciyar da shanu garin nama da ƙashin 'yan uwansu ta yaɗu. Tarayyar Turai ta zaɓi ta haramta bai wa dabbobi ragowar abincin gidaje da na gidajen cin abinci gaba ɗaya, Japan kuma da dokarta ta 2001 ta bi wata hanyar, ta ce a yi amma sai an dafa da zafin da doka ta tanada a masana'antar da ke da lasisi. A ganina hanyar Japan ta fi amfani, amma fa sai ga wanda zai iya sa ido da gaske. Haka tuka ko dusar da ta yi fumfuna, kar a kai wa dabba, gubar fumfuna tana bi ta cikin nono ta isa ga yara.

Abun da ya yi jiƙa da yawa ko ya fara wari, akwai tsutsar baƙin ƙudan nan da ake kira ƙudan soja. Cikin kimanin sati biyu tsutsar ke cinye tuka da ragowar kasuwa ta yi ɓul-ɓul, in aka busar da ita furotin ɗinta ya kai wajen kashi 40 cikin 100, kaji da kifi suna so, abun da ta bari kuma taki ne. Ƙudan ba irin na gida bane da ke bin abincin mutane yana yaɗa cuta. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta daɗe tana bincike a kai, Tarayyar Turai ma ta amince a bai wa kifi tun 2017, kaji da aladu tun 2021. Wannan sana'a ce da matashi zai iya farawa da rumfa da 'yan robobi in dai ya san kullum zai samu tsaftatacciyar shara, kun ga mun sake dawowa kan rabuwar kenan.

Jini da abun cikin tumbi da ruwan wankin mayanka da ruwan masana'antar manja, waɗannan tankin bayogas ya fi dacewa da su, wato rufaffen tankin da shara ke ruɓewa a ciki a tara gas ɗin da take fitarwa a yi makamashi da shi. Garin Linköping a Sweden tun 1997 suke haɗa gas da sharar mayanka, motocin bas ɗin garin sun daɗe suna yawo da shi. Malesiya tun 2014 ta ce duk sabuwar masana'antar manja sai ta sa na'urar kama gas daga dattin ruwanta. A Brazil duk lita ɗaya ta etanol, man motar da ake yi da rake, tana barin baƙin ruwa sama da lita 10, da can rafi ake tura shi yana kashe kifi, da aka hana sai suka koma fesa shi a gonakin raken tunda cike yake da fotasiyam, tukar raken kuma ita ke ba masana'antar wuta har su sayar da ragowa. Amma zan faɗa muku gaskiya kan bayogas, tankin nan kaman tumbin saniya yake, kullum sai an ciyar da shi kuma ba ya son a canja masa abinci kwatsam, in aka antaya masa abu mai tsami da yawa ko ruwan sinadarin wanke inji ya shiga to ƙwayoyin cikinsa sun mutu, sai an yi makonni kafin ya farfaɗo. Tankuna nawa aka yanke musu ribbon aka ɗau hoto, bayan shekara ɗaya ka je ka tarar ciyawa ta rufe bututun? In za ku ware kuɗin gini ku ware na ma'aikacin da zai kula da shi da na kayan gyara, in babu gara kar a fara.

Sauran duka sai taki, kuma a nan zan ɗan daɗe sabida mutane na ɗauka tara shara a barta ta ruɓe shine haɗa taki. Tara ɓawo kaɗai a waje ɗaya ƙuda da wari kawai za ka tara wa maƙwabta. Sai an haɗa jiƙaƙƙe da busasshe, ɗanyen ɓawo ko kashin kaji a gauraya da kara ko ɓuntu ko dusar katako, masana suna cewa kabon, wanda ya fi yawa a busasshe, ya ninka naitrojin, wanda ya fi yawa a jiƙaƙƙe, wajen sau 25 zuwa 30, mu a aikace muna gane shi ne da hannu da hanci. Ka damƙo ka matse, in ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu ya yi yawa a ƙara busasshe, in ya wargaje da ka buɗe hannu to yana son ruwa, wanda ya yi daidai zai dunƙule tafin hannunka ya yi danshi kawai. In ka ji warin fitsari naitrojin ne ke gudu, in ka ji na ruɓaɓɓen ƙwai iska ce babu a ciki a juya. Tulin da aka haɗa daidai cikin kwana biyu zuwa uku zai ɗau zafi, da sassafe ka ga tururi na tashi, ka soka rodi a tsakiya ka zaro ba za ka iya riƙe shi ba. Wannan zafin shi ke kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki da irin ciyawa, ana so ya kai digiri 55 ya zauna a haka, ƙa'idar da ake bi a Amurka ga tulin da ke fili ita ce kwana 15 a juya sau 5 dan na gefe ma ya shiga tsakiya ya sha wuta. In ya haura 70 kuma ya fara kashe halittun da ke yin aikin, sai a juya a yayyafa ruwa. Bayan nan a barshi ya huce ya nuna, wata biyu ko uku ko fiye. Takin da bai nuna ba in aka kai gona shuka rawaya take yi, sabida yana ci gaba da ruɓa yana ƙwace naitrojin daga bakin saiwa. Manomi da yawa sun tsani takin gargajiya ne dan an taɓa sayar musu da ɗanye.

Nan ne aikinku ya shigo ku ma'aikatar noma. Buhun takin zamani an rubuta abun da ke ciki, na gargajiya kuwa kowa ya ɗebo baƙar ƙasa ya ɗinke buhu ya ce taki ne. Ku sa ƙa'ida, ku tanadi ɗakin gwaji mai sauƙin kuɗi da zai duba ko ya nuna, da ko akwai dalma ko wani ƙarfe mai guba, da gishiri, da ragowar maganin ciyawa. Wannan na ƙarshen ba wasa bane, a Birtaniya a 2008 masu lambu da yawa sun yi asarar tumatir da dankali da wake sabida takin shanun da suka zuba, ashe shanun sun ci ciyawar da aka fesa wa wani magani da ke ratsa cikin dabba ya fito bai mutu ba. In taki na da shaidar hukuma manomi zai saya da kwanciyar hankali. Kuma in kuna rabon taki mai rangwame ku sa na gargajiya a ciki, ko filayen shuke-shuken gari da wuraren renon itatuwa na gwamnati kaɗai suka koma sayensa sun isa su riƙe masu sana'ar su tsaya da ƙafarsu.

Maganar ƙona kara a gona kuma, dan Allah kar ku fara da tara da kame. Ku dubi jihohin Punjab da Haryana a Indiya, duk Oktoba da Nuwamba hayaƙin karan shinkafa ke rufe Delhi har a rufe makarantu, an hana an ci tara amma ba a daina ba, sabida manomi sati biyu ko uku kawai gare shi tsakanin girbin shinkafa da shukar alkama, ashana ita ce mafi araha a hannunsa. Inda aka samu sauƙi shine inda aka kawo injin Happy Seeder da ke shuka alkama cikin karan ba sai an kwashe ba, ko aka samu mai zuwa ya ɗaure karan ya saya. Manomi ya san wuta na cinye ƙarfin gonarsa, mafita ce bai da ita. Kuma abun ban takaici, busasshen karan da ake ƙonawa a can shine daidai abun da mai tulin jiƙaƙƙen ɓawo ke nema ido rufe a nan, su biyun ba wanda ya haɗa su.

Yanzu ga maganar da masu kamfanoni ba za su so ba. Muddin zubarwa kyauta ce ko kusan kyauta, ba wanda zai wahalar da kansa ya raba. Koriya ta Kudu ta hana binne ragowar abinci a juji tun 2005, daga 2013 kuma kowa gwargwadon abun da ya zubar yake biya, yau sama da kashi 90 cikin 100 na ragowar abincinsu sake sarrafa shi ake yi. Ba sai kun kwafi nasu sak ba, ku ɗauki asalin abun, wanda ya kawo a gauraye ya biya da tsada, wanda ya raba ya samu rangwame ko a ɗauka masa kyauta, mai turawa rafi kuma lasisinsa ya shiga matsala. Kuna karɓar kuɗin lasisi da na tsaftar muhalli daga kamfanonin nan duk shekara, to kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar sabunta lasisi a tambaye su wace irin shara kuke fitarwa, tan nawa, a wane wata, ina kuke kai ta, a rubuta, sannan a buɗe wannan bayanin ga jama'a. Mai kiwon kifi da mai haɗa taki da mai tankin gas su da kansu za su nemo kamfanin, ba sai kun yi musu dillanci ba.

Sai batun nisa. Jiƙaƙƙiyar shara mafi yawanta ruwa ne, in ka ɗauke ta ka yi doguwar tafiya ruwa kake saya wa mai. Dan haka ƙananan wurare da yawa kusa da kamfani da kasuwa da mayanka sun fi ƙato guda ɗaya a can nesa, ku ba da fili mai daɓe da rumfa da magudanar da za ta tare ruwan, nesa da rijiya da rafi, da takardar da za ta hana a tashi mutum bayan ya zuba jarinsa. Motocin da ke kawo amfani daga gona ma ai wayam suke komawa, me zai hana su koma da taki? A Kosta Rika a 1998 an yi yarjejeniya wani kamfanin lemo ya juye ɓawo wajen tan 12,000 a wata matacciyar makiyaya cikin gandun Guanacaste, kotu ta zo ta dakatar da shirin aka manta da wajen, da masu bincike daga jami'ar Princeton suka koma bayan kimanin shekara 15 sai suka tarar kurmi ya tashi a wajen har alamar da aka kafa da ƙyar aka gano ta, filin da ke maƙwabtaka kuma yana nan yanda yake. Ba ina cewa a je a juye ɓawo a daji bane, can masana ne suka zaɓi wajen kuma ɓawon ba leda ba maganin ƙwari, amma ku tuna matattun filaye nawa ke ƙarƙashin ma'aikatunku.

Kar kuma ku manta da mutanen da suka riga ku a wannan aikin, masu tsince-tsince a juji, masu kura da ke kwashe ɓawo da dusa suna kai wa masu kiwo, matan da ke shanya ɓawon rogo. In tsari ya zo kar a miƙa wa babban ɗan kwangila komai a kore su, su suka san inda kowace shara take da mai sonta. A yi musu rajista, a basu safa da takalmi da takunkumi, a sa su a gaba.

Abun da nake roƙo ku fara da shi ba ya buƙatar sabon kasafin kuɗi. Ku zauna ku biyun a tebur ɗaya, ku fitar da sunayen manyan kamfanoni da mayanka da kasuwannin da suka fi fitar da shara mai ruɓewa a yankunanku, ku basu wa'adi su ware ganga da mota ta daban, ku gyara kwangilar kwashe shara yanda tifar da ta gauraya ba za a biya ta ba, sannan ku kira mu masu haɗa taki da masu kiwo da manoma ku ji nawa za mu iya ɗauka. Mu a shirye muke, shebur da rariya suna nan, kayan aikin ne kawai ake kaiwa juji kullum da safe.

Na gode da kuka karanta, Allah ya baku ikon yi.

Wassalam,
Naku, wani mai sana'ar haɗa taki.